Hirar Fada: Ina Kafar Baliz Take a Tsohuwar Akori-kura?

Ku matso kusa, maganar nan ta tsakaninmu ce, don in ta fita akwai masu garajin da za su daina amsa mini gaisuwa. Tun da na'urar gwajin mota ta shigo garin nan na Diffa, wadda kanikawanmu ke kira baliz, na tsallaken kogin Komadugu kuma su ce kwamfuta, kowa ya zama mai son a ɗora masa mota a kanta. Mota ta yi tari, a kawo baliz. Ta gaza hawa tudun rairayi, a kawo baliz. To, madalla. Sai dai baliz ba ta duba mota daga nesa, sai an soka wayarta a wata kafa da ke jikin motar, kuma a nan ake yin ta. Sai ka ga ƙato ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, tocila a baki, yana ta lalube, mai mota na tsaye a kansa yana cewa “Ka gan ta?” Alhali sau da yawa abin da ake neman nan ba a taɓa sa shi a motar ba tun daga masana'anta.

Ku dubi motocin da ke ɗauke da Diffa mana. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da ke bin hanyar N'Guigmi ta zarce N'Gourti cikin rairayi, Hilux da ke kwaso buhunan tattasai daga gonakin bakin Komadugu, da 'yan tsirarun Peugeot 504 da suka ƙi mutuwa. Lokacin da aka hana hawa babur a watan Fabrairun 2015, bayan harin da aka kai Bosso da nan cikin gari, nauyin da babura ke ɗauka ya koma kan akori-kura. Duk wadda ke kwance a bayan gida an tashe ta, an yi mata ciko, ta koma hanya. Shi ya sa a layi guda na tasha za ka tarar da motar da ta girmi direbanta kusa da wadda aka ƙera shekaran jiya, kuma kowacce da irin nata sirrin.

Abin da nake so ku riƙe kafin kowa ya durƙusa neman kafa shi ne, inji ake tambaya. Takardar mota ba za ta gaya maka ba, mai sayarwa ma ba zai gaya maka ba. Kafar gwaji ƙofa ce zuwa ƙwaƙwalwar inji, wato akwatin lantarkin da ke auna mai da iska yana ba da umarni. Injin da babu ƙwaƙwalwa a jikinsa, me baliz za ta tambaya?

Alhaji, na ga kana murmushi, don ka san taka nake nufi. Land Cruiser ɗinka mai injin 1HZ, mai silinda shida, lita 4.2, wanda Toyota ta fito da shi a 1990, famfon gazuwal ɗinsa na ƙarfe ne zalla. Juyawar inji ke tura mai, waya guda ce tak ke zuwa famfon don ta buɗe mai in an kunna, ta rufe in an kashe. Haka tsofaffin Hilux masu injin 2L da 3L da 5L, haka mai fetur 22R mai kafireta, haka 504 da kamfanin Peugeot na Kaduna ya yi ta haɗawa bayan buɗe shi a 1975. Duk wanda ya ce zai sa maka waɗannan injina a kwamfuta ya karanto ciwonsu, ka gyara zaman hularka ka yi masa sallama. Na taɓa tsayawa a wani garaji, ba zan faɗi ko na wane ne ba, na ga an maƙala wayoyin wata na'ura a kan batirin irin wannan motar, allo na ta walƙiya, aka ce wa mai ita kwamfuta ta nuna famfo ya mutu. Ƙarfin batir kawai na'urar ke aunawa. Bawan Allah ya biya kuɗin gwaji, ya kuma shiga neman famfo.

Gaskiya ɗaya dai, Land Cruiser na baya-bayan nan masu 1HZ, waɗanda aka sa wa jakar iska ta kariya ko birkin ABS, za ka iya samun kafa a jikinsu. Amma da waɗannan na'urorin take magana, ba ruwanta da famfon mai.

Yaya za ka gane wane iri ne naka? Ɗaga murfin inji ka nemi ɗan farantin ƙarfen da aka manna a bangon ɗakin inji, wasu kuma a jikin ginshiƙin ƙofa. Toyota na rubuta samfurin mota da na inji a kai. In ka ga LN a farkon samfurin Hilux, dangin injin L ne. KZN na nufin 1KZ, KUN na nufin injinan D-4D, wato 1KD ko 2KD, da suka cika Hilux ɗin da aka fara fitarwa a 2004, wadda muke kira Vigo. TGN mai fetur ce. A Land Cruiser kuwa HZJ shi ne na Alhaji, FZJ da GRJ masu fetur, VDJ kuma mai silinda takwas da ya fito a 2007. In sunan injin ya ƙare da harafin E, irin 22R-E ko 5L-E ko 1KZ-TE, akwai lantarki a harkar mansa, ke nan akwai ƙwaƙwalwa, akwai kafa a wani wuri. Sai dai ku yi hattara, a garin nan an sha sauya wa mota inji. Farantin na iya cewa abu kaza, abin da ke kwance a ciki kuma wani ne daban da aka sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Don haka a haɗa da ido: a dubi famfon, a ga ko wayar totur ce ta ƙarfe ke jan sa, ko kuwa damin wayoyin lantarki ne suka shige shi.

Akwai kuma gwajin da ba ya cin ko dala. Murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, kada ka tayar da inji. In ka ga fitila mai siffar inji ko mai rubutun CHECK, motar na da ƙwaƙwalwa. Zan dawo kan fitilar nan, don akwai ha'incin da ake yi da ita.

Zuba mana shayi na biyun, yaro, kada ya huce.

To, a ce ƙwaƙwalwa akwai. Nan ma gida biyu ne. Kafin a daidaita al'amarin, kowane kamfani da irin kafarsa da inda yake ɓoye ta. Ta tsohuwar Toyota galibi ba a cikin ɗakin direba take ba, shi ya sa mai lalube a ƙasan sitiyari zai kwana bai same ta ba. Tana ɗakin inji, galibi kusa da akwatin fiyus ko a jikin bango: ɗan ƙaramin akwati baƙi ko ruwan toka, mai murfi, an rubuta DIAGNOSIS a kai. A motocinmu ƙura da baƙin mai sun daɗe da rufe rubutun, sai ka goge da tsumma. In ka buɗe za ka tarar da wani maiƙo a cikin ramukan. Kada ka wanke shi da fetur, kamfani ne ya sa don hana tsatsa. A bayan murfin akwai zanen ramukan da sunayensu.

Abin daɗin wannan tsohuwar kafa shi ne ba ta bukatar baliz. Guntun waya ya isa. Ka kashe mota, ka haɗa ramin TE1 da na E1, a wasu tsofaffi T da E1 aka rubuta, sannan ka murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, ka zuba wa fitilar CHECK ido. In tana ƙiftawa a jere ba tsayawa, ƙwaƙwalwa ba ta riƙe da wani ƙorafi. In ta ƙifta sau biyu, ta ɗan dakata, ta sake ƙiftawa sau biyu, lamba 22 ke nan, wato layin sansar zafin ruwa. Ɗaya sannan biyu, 12, siginar juyawar inji ba ta isowa. Huɗu sannan ɗaya, 41, sansar totur. In ƙorafin ya fi ɗaya, za ta jero su daga ƙarami zuwa babba, ta yi dogon shiru, ta sake daga farko. Ka sa yaro ya riƙe biro yana rubutawa, don ido na ruɗewa. Amma don Allah a karanta zanen murfin da kyau. A cikin ramukan nan akwai mai suna +B, wuta ce tsirara a cikinsa in makulli na kunne. Ka haɗa shi da E1, in ka yi sa'a fiyus ya ƙone, in ba ka yi ba ka ji ƙaurin waya.

Sauran kamfanonin ba zan daɗe a kansu ba, tunda ba su da yawa a nan. Tsohuwar Nissan D21, ƙwaƙwalwarta na ƙarƙashin kujerar fasinja, da 'yan fitilu ja da kore a jikinta, su ne ke ƙifta lambar. Nissan na bayanta suna da kafa mai rami 14 kusa da akwatin fiyus na cikin mota. Tsohuwar Mitsubishi L200 mai rami 12 ce, ita ma a wajejen fiyus.

Kafar da kowa ya sani yanzu, mai rami 16, jere biyu takwas-takwas, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, daga Amurka ta samo asali. Hayaƙin mota ne ya addabi birnin Los Angeles, jihar Kaliforniya ta fara matsa wa kamfanoni a ƙarshen shekarun 1980 cewa dole mota ta riƙa lura da hayaƙinta da kanta. Daga baya aka ce kowa ya yi kafa iri ɗaya, aka kira tsarin OBD-II, ya zama tilas ga duk ƙaramar mota da akori-kurar da za a sayar a Amurka daga samfurin 1996. Turai ta bi sahu da masu fetur a 2001, masu gazuwal a 2004, manyan akori-kura masu gazuwal kuma sai wajejen 2007. Kun ga ke nan lafiyar makanike ba ta cikin lissafin masu dokar, iskar garinsu suke karewa, mu dai muka tsinci dami a kala.

Dokar ta ce kafar ta kasance kusa da direba, inda hannu zai kai ba tare da an kwance komai da sukurdireba ba. Saboda haka ka buɗe ƙofar direba, ka durƙusa a ƙasa, ka haska gefen ƙasa na dashbod daga wajen hannun buɗe murfin inji har zuwa saman totur. A Vigo nan take, ta fuskanci ƙasa, fara ko baƙa, wani lokaci da ɗan murfin roba. In ido bai gani ba, ka kunna kyamarar wayarka ta gaba ka zura ta ciki. In babu, duba bayan murfin fiyus na cikin mota, da wajen abin zuba tokar sigari.

Malam, tambayarka ta yi daidai, in an duba duk nan ba a samu ba fa? To, a nan ne tarihin motar ke shigowa. Motocinmu ta hanyoyi da yawa suka iso: wasu ta tashar jirgin ruwan Kwatano, wasu ta Lome, wasu ta Libiya suka keto hamada, wasu daga Najeriya, wasu kuma gwanjon ƙungiyoyin agaji da kamfanoni ne. A cikinsu akwai waɗanda aka ƙera da sitiyari a dama, don ƙasashen da ke tuƙi ta hagu, aka juya musu shi kafin su iso hannunmu. Mai juyawar nan hankalinsa na kan sitiyari da birki da fitilu. Kafar gwaji kuwa, tunda mota na tafiya ba ita, sai ya bar ta inda take a ɓangaren fasinja, ko ya naɗe ta da salatif ya cusa bayan dashbod. Ka ciro akwatin ajiya na gaban fasinja ka leƙa, sau da yawa za ka gan ta tana reto. Wata kuma mai wayarin ne ya yanke ta ranar da yake sa rediyo, yana neman wayar da ke da wuta. Wannan kam sai a bi damin wayoyi a nemo kututturen.

Ka samu kafa, abin nema ya samu? Tsugune ba ta ƙare ba. Ku tuna dokar nan ta Amurka da Turai ce. Motar da aka ƙera don kasuwar Afirka ko ƙasashen Larabawa ko Tailan ba ta ƙarƙashinta. Za ka iya samun Hilux ta 2005 ko 2006 da kafa mai rami 16 sak, ka soka ɗan abin nan mai arha da ake kira ELM327, wanda ke haɗuwa da wayar hannu, ya kama wuta, ya yi ta juyi, ya ce bai ga mota ba. Lafiyar kafar ƙalau. Kamar ka je ƙauye a bakin kogi ne ka gai da tsohuwa da Hausa, ita kuwa Barbarci kaɗai take ji: ga kunne, ga baki, amma ba za ku fahimci juna ba sai da tafinta. Motar yaren Toyota take yi, sai baliz babba irin Launch ko Autel, wadda za a zaɓa mata sunan kamfani da samfuri, ko manhajar Toyota ɗin kanta mai suna Techstream. Wanda bai san haka ba sai ya yanke hukuncin ƙwaƙwalwa ta mutu, a tura saƙo Damagaram ko Kano a sayo wata, a jira kwana da kwanaki, a ɗaura, a tarar da jiya-i-yau.

In baliz ba ta ma kama wuta ba, a fara da fiyus. Rami na 16 wutar batir ce kai tsaye, na 4 da na 5 kuma su ne na ƙasa. Toyota da yawa suna da ɗan fiyus na musamman da aka rubuta wa OBD, wasu kamfanonin kuma sun haɗa shi da na abin kunna sigari, wanda mu muka mayar wurin cajin waya har ya gaji ya ƙone. Bayan fiyus sai rairayi. Kafar da ta fuskanci ƙasa a motar da ke zirga-zirga tsakanin Maine-Soroa da Gudumariya, ko wadda ta taɓa kutsawa cikin ruwa a shekarar ambaliya irin 2019 da 2022, ramukanta sun sha ƙasa da tsatsa. A hure da iska, a fesa maganin goge lantarki. Kada a zura ƙusa, tana buɗa bakin ramin ya daina kamawa.

A wannan kafar ma Toyota ta bar wa talaka hanya: haɗa rami na 13 da na 4 na sa fitila ta ƙifta lamba a motocinta da yawa. Amma ni ba na son in ga yaron garaji na yi. Ana ƙirga ramukan ne in gefe mai faɗi na sama, 1 zuwa 8 daga hagu, 9 zuwa 16 a jeren ƙasa. A mota kuwa sau da yawa a kife aka ɗaura ta, mutum na kwance, kansa a juye, ga 16 mai wuta rami uku kacal daga 13. A Vigo, inda wasu ramukan ke zuwa ƙwaƙwalwa kai tsaye, kuskure ɗaya ya isa ya jawo asarar da ta fi kuɗin baliz ɗin kanta.

Yanzu ga inda nake saɓawa da masu baliz, ko da na gaskiyar ne. Lambar da na'ura ta nuna ƙorafi ne, ba ta ce ga abin da za a saya ba. P0087 na nufin matsin mai ya yi ƙasa a bututun da ke raba wa nozul. A ƙasar da mai ke da tsabta wataƙila a fara zargin famfo. A nan fa? Ɗanyen mai daga Agadem yake fitowa, cikin jiharmu, ya bi bututu sama da kilomita 400 zuwa matatar SORAZ da aka buɗe kusa da Damagaram a Nuwamban 2011, sannan ya dawo mana a tanka. Wanda ya yi nisa da gidan mai kuwa, jarka da duro ne abin dogaronsa, da duk ruwa da dattin da suka kwanta a gindinsu. Injin 1HZ zai haɗiye wannan ya yi gyatsa ya wuce. D-4D ba ya yafewa. Don haka in na ga lambar nan, filtar mai nake fara cewa a kwance, a tsiyaye ruwan da ta tara, a duba ko tiyo na shan iska, kafin a taɓa abu mai tsada. Haka P0171 a mai fetur, wadda ke cewa iska ta rinjayi mai: a goge sansar iska da ƙura ta lulluɓe, a nemi tiyon da zafi ya tsaga. Makaniken da ya karanta lamba ya miƙo maka sunan kayan da za ka saya ba tare da ya buɗe murfin inji ba, karatun allo ya iya, gyara kuwa da saura.

Na ce zan dawo kan fitilar CHECK. Kai da kake shirin sayen akori-kura kafin kakar tattasai, saurara. Akwai dillalan da in fitilar ta ƙi mutuwa sai su zare ƙwanta ko su liƙe ta da baƙin salatif ta ciki. Shi ya sa in farantin ya nuna injin mai ƙwaƙwalwa ne, ka murɗa makulli ba ka ga fitilar ta kama tare da 'yan'uwanta ba, to an taɓa ta. Wasu kuma goge lambobin suke yi da safe kafin ka iso. Baliz mai kyau na tona wannan a motocin da ke bin tsarin OBD-II, don tana nuna cewa gwaje-gwajen da ƙwaƙwalwa ke yi wa kanta ba su kammala ba tun gogewar ƙarshe. Ka nemi a ba ka motar ku yi tafiya mai ɗan nisa a kan kwalta, inji ya yi zafi sosai, sannan a sake sokawa a gabanka. In mai mota ya fara cewa sauri yake yi, ka san inda aka dosa.

Ku masu ɗan ELM327 kuma, in kun gama ku zare shi. Rami na 16 ba ya mutuwa ko an cire makulli, abin na nan yana tsotsar batir dare da rana. Motar da ta yi mako a tashar N'Guigmi tana jiran lodi da shi a jikinta, ranar tashi sai an tara masu turi.